Adashin Maganin Baba

A shekarun farko da na yi a Guangzhou, sitona yana cikin wani lungu ne a unguwar Liwan, a ƙasan wani tsohon bene. Maigidana na kasuwar Kwari, can gida, ke aiko da saƙo, ni kuma in zaga kasuwanni in sayi leshi da yadi da takalman roba, in tara su a ɗakin nan har su isa ɗauri. Kwana kuwa a unguwar Xiaobei nake yi, kusa da benen 'yan kasuwa na Tianxiu, mu uku a ɗaki ɗaya. A lokacin ba mu da yawa a garin. In ka ji Hausa a bakin titi sai ka tsaya ka waiwaya.

Mai gidan da siton yake wani tsoho ne, yana zaune a sama shi kaɗai da tsuntsunsa a keji. Baba nake ce masa. Shi kuwa sunana ya gagari bakinsa, sai ya raɗa mini wani, wanda aka ce ma'anarsa Dogo. Ya yi aiki a wata masana'antar ashana ta gwamnati har ya tsufa, masana'antar kuma ta durƙushe a bayansa. Yana da hawan jini da ciwon suga, gwiwoyinsa sun ƙi, in zai sauko daga bene sai ya huta a tsakiya. Yarensa na 'yan gari ne, ba irin wanda na tsinta a kasuwa ba, don haka rabin hirarmu da hannu muke yi. Duk da haka kullum na zo sai na ɗaga kai na gaishe shi, in dafa gwiwata in tambayi jiki. Shi kuma ya leƙo ta taga ya yi ta bayani, ni ina cewa sannu, Allah ya sawwaƙe. Haka aka tashe mu. Ba ka wuce marar lafiya ba ka tambaye shi jiki ba.

Ɗansa ɗaya ne, yana aiki a wani gari mai nisa. Wata rana ya zo ya ce yana da magana da ni, sai na kira abokina ya yi mana tafinta. Abokin nan mutumin zangon Kumasi ne, sana'arsa tura kaya a jirgin ruwa. Ya riga mu zuwa da daɗewa, Sinanci a bakinsa kamar ruwa. Alhaji muke ce masa, kuma bai da aiki sai tsokanata.

Abin da ɗan ya ce shi ne, gwamnati ta fito da wani tsari na tsofaffin ma'aikata irin Baba. Kowane wata a kai ɗan wani abu ofishin unguwa. Tsohon kuma in ya je asibiti a duba shi, a ba shi maganinsa, abin da zai biya kaɗan ne. Amma in wata guda ya wuce ba a kai ba, za a cire sunansa, sake shiga kuwa sai an yi dogon jira. Maganin Baba in a kemis za a saya, fanshonsa ba zai ɗauka ba. Ofishin kuma a hawa na uku yake, gwiwar Baba ba za ta kai shi ba. Roƙonsa shi ne in riƙa cirewa daga kuɗin hayar sito ina kaiwa, saura in ba tsohon.

Na juya wajen Alhaji na ce da Hausa, “Alhaji, wannan ba inshora ba ce kuwa?”

“To, in ita ce fa?”

“Na ji ana cewa caca ce. Ka zuba kuɗi, ko ka ci ko a cinye ka.”

Ya tuntsire da dariya har ɗan Baba ya riƙa kallonmu. “Kai Bakano, waswasi zai kai ka ƙasa kafin hawan jini ya kai tsohon nan. Maiɗakinka ba ta adashi?”

“Tana yi.”

“To adashi ne. Tsofaffi ke zubi, wanda ciwo ya kama ya kwasa. Bambancinsa da na matarka, wannan kowa addu'a yake kada kwasa ta zo kansa. Kuma kuɗinka ne? Ɗan aike ne kai.”

Na karɓa, amma zuciyata ba ta kwanta ba sai da wani malami ya zo daga gida sayen carbi da darduma na tambaye shi. Ya ce, “Amana aka ba ka ta maganin tsoho. Ka kai ta inda aka ce.” Daga ranar kalmar amana ta zauna mini a ƙirji.

Ofishin ba ya karɓa sai a kwanakin ƙarshen wata. Duk ranar da suka fara karɓa, ni ne na farko a layi. Bayana tsofaffi ne zalla, maza da mata, da sandunansu da butocin shayinsu, wasu ma 'ya'yansu sun riƙo su. Da fari kallona suke suna ƙus-ƙus. Daga baya suka saba, har wata tana auna tsawonta da kafaɗata ana dariya. In na miƙa kuɗin ta taga, ma'aikaciyar ta buga hatimi ta ba ni rasit, sai in koma gefe in duba shi, ko da yake ban da lambobi ba abin da nake iya karantawa a ciki. Ni firamare na tsaya, ta garinmu ma. In naɗe shi a leda, in hau in kai wa Baba, ya jefa a gwangwanin shayi ko kallo bai yi ba. A hanyar komawa sai na taɓa aljihuna sau da yawa, ina tambayar kaina ko na ba shi ko ban ba shi ba.

Mutum ɗaya nake tsoro a lungun nan. Wata tsohuwa ce gajera, da jan ƙyalle ɗaure a damtsenta, kullum tana zaune a bakin lungu a kan 'yar kujera tana saƙa. Wanda ya shiga da wanda ya fita duk a idonta. 'Yan'uwa sun ce mini irinsu idon hukuma ne a unguwa. Takarduna daidai suke, amma mai waswasi ko da gaskiyarsa gabansa faɗuwa yake yi. Ba ta taɓa yi mini magana ba, ba ta taɓa yi mini murmushi ba. Sai na samo wata hanya ta baya, ta wurin masu sayar da kifi, inda ƙasa kullum a jiƙe take, na riƙa bi ta nan.

Aka zo shekarar da ƙaramar Sallah ta faɗo tare da bikin sabuwar shekarar mutanen ƙasar. Muna cikin azumi, ga sanyin garin mai shiga ƙashi, da yayyafi wanda ba ya jiƙa ka kuma ba ya barinka ka bushe. Bizata ta kusa ƙarewa, dole in fita Hong Kong in sabunta. Kafin in tafi na je ofishin da kuɗin a hannu. Ma'aikaciyar ta girgiza kai ta ce, “Meyo.” Babu, ke nan, lokacin karɓa bai yi ba. Na nuna mata fasfo, na yi alamar tafiya, ta sake cewa meyo, ta ƙara da wata doguwar magana da ban kama ko kalma ɗaya ba. Na lissafa a raina cewa zan dawo da sauran lokaci. Na sa kuɗin a ambulan na cusa a aljihun ciki na tafi.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne yadda ƙasar nan take komawa in bikin ya matso. Fasfona ya makara a can. Da ya fito kuma, hanya ta cushe, duk wanda ka gani gida ya nufa. Da ƙyar na iso Guangzhou ranar jajiberin bikin. Wajen tashar jirgin ƙasa ba masaka tsinke, mutane zaune a kan buhunansu har bakin titin Guangyuan. Ban biya ɗaki ba, da jakata na wuce Liwan.

Na tarar da ƙofar ofishin a rufe, an manna jajayen takardu dama da hagu. Maigadi ya fito yana hura hannu. Na nuna masa ambulan. Ya ce meyo, ya ɗaga yatsu yana nuna mini kwanakin hutu. Na bi yatsun da ido. Ranar da za su buɗe, wata ya riga ya mutu.

Na daɗe a tsaye a wurin. Mutane na wucewa da tukwanen bishiyar lemo ƙanana a kafaɗa, da furanni, kowa na fara'a. Ni kuwa abin da nake gani shi ne an ja layi a kan sunan tsohon nan, kuɗinsa kuma ga shi a aljihuna.

Washegari, ranar bikin, na ce gara in je in gaya masa da bakina, ko akwai wanda ya sani da za a roƙa. Na hau benen. Ɗansa bai samu tikitin zuwa ba, amma ɗakin cike yake da tsofaffin maƙwabta. Baba ya sa sabuwar riga, har kejin tsuntsun an ɗaura masa jan zare. Ya yi murnar ganina, ya jawo ni ciki. Ni kuma na yi yadda na saba. Na dafa gwiwata na tambayi jiki, sannan na fito da ambulan na faɗi kalmar magani, wadda tana cikin 'yan kalmomin da na iya.

Wata tsohuwa ta yi tsaki ta kawar da kai. Baba ya kaɗa hannu da sauri kamar mai korar ƙuda, ya ture ambulan ɗin zuwa ƙirjina, ya ɗauko lemo biyu ya danƙa mini, yana magana da ƙarfi yana dariyar da na ga ba ta kai ciki ba. Na sake buɗe baki, sai ya juya mini baya ya shiga yi wa tsuntsunsa fito. Na sauko da lemo biyu a hannu, ina azumi, ko sha ba dama. Na ce shi ke nan, ya riga ya ji labari, fushi yake.

Na je na sami Alhaji a ofishinsa na Tianxiu, shi kaɗai, duk an rufe shaguna. Na kwashe labari na gaya masa. Ya dafe kai.

“Wai ka shiga gidan mutane ranar sabuwar shekara kana ambaton magani? Bakano, kamar ka je gidan suna ne ka tambayi kuɗin likkafani. A kwanakin nan ba sa faɗin ciwo, ba sa faɗin magani, ba sa tambayar bashi. A wurinsu abin da ka buɗe shekara da shi, shi zai bi ka har ƙarshenta.”

“To ni gaisuwa na yi.”

“Na sani. Ka ajiye gaisuwarka sai biki ya lafa.”

“Sunansa fa? In sun buɗe za su karɓa?”

A nan ya daina dariya. Ya ce, “Wallahi ban sani ba. Ofis ofis ne a ko'ina. In sun buɗe mu je tare, in roƙa maka.”

Sallar shekarar nan ban san yadda ta wuce ba. Mun yi Idi a tsohon masallacin garin, tare da Musulmin ƙasar masu fararen huluna, da Larabawa, da mu 'yan tsiraru. Liman na karatu, ni ina can ina tsara yadda zan fara yi wa ɗan Baba bayani. Da aka sallame na yi ta istigfari. Alhaji ya dafa mana wake da shinkafa irin na Kumasi, da yaji baƙi, na kai loma biyu na tsame hannu. Da yamma na ɗauki wani kwalin maganin Baba da na taɓa tsinta a matakala, na shiga wani kemis da bai rufe ba na tambayi kuɗinsa. Mai kemis ya danna a kalkuleta ya juyo mini. Na ce sheshe, wato na gode, na fita. Na ƙudura a raina in an cire shi ni zan riƙa saya masa. Amma na san abin da nake samu, na san kuma akwai iyali a gida masu jiran saƙo. Wata nawa zan iya? In maigida ya ce in dawo fa?

Ga wani sabon abu kuma. Tsohuwar nan mai jan ƙyalle ta canza. Ina leƙa sito kullum don ruwan sanyi kada ya taɓa kaya, kuma masu kifi sun tafi hutu sun toshe hanyar baya da tebura, dole in bi ta gabanta. Da ta hango ni sai ta miƙe, ta haɗa hannuwa biyu ta yi mini gaisuwar biki, tana murmushi. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta haɗiye, ta bi ni da ido har in shige. Wadda ba ta taɓa yi mini murmushi ba! Na ce a raina maganar ta kai ga hukuma. Baƙo ya riƙe kuɗin maganin tsoho, jira kawai suke biki ya wuce. Na riƙa kwana da ambulan ɗin a jikina, don in an zo a same shi cif yadda yake.

Ranar da ofisoshi suka buɗe na tashi Alhaji da sassafe. Yana ta mita, wai ko shayi ban bar shi ya sha ba. Masu kifi sun dawo, sai na ja shi ta hanyar baya.

“Me ya kawo mu cikin ƙarni?”

“Ta nan ya fi kusa.”

“Ƙarya kake, Malam. Tsoron wa kake ji?”

A daidai ƙarshen layin masu kifin, sai ga tsohuwar mai jan ƙyalle zaune a kan 'yar kujerarta. Ta ɗauko ta ne daga bakin lungu ta kawo nan. Ta miƙe ta kama hannun rigata. Ta fara magana da sauri, tana nuna ni, tana nuna benen Baba, tana nuna ofis. Ina kallon fuskar Alhaji. Na ga ya saki baki, sannan ya fara dariya, har sai da ya dafa bango.

“Alhaji, don Allah me ta ce?”

“Tsaya in numfasa. Ta ce saboda biki ofis ya matso da ranar karɓa, aka ce masu jan ƙyalle irinta su sanar da mutanen lungunansu. Ta zo sitonka ta tarar da kwaɗo, ta sake zuwa, kwaɗo. Ta ce a lungunta ba wanda yake shiga sabuwar shekara da bashi a kansa, balle tsoho mai shan magani. Sai ta hau ta biya da kuɗinta.”

“Ta biya?”

“Ta biya tun kana Hong Kong.”

“Na watan nan da ya wuce? Ka tambaye ta da kyau. Na Baba, ba na wani ba?”

Ya tambaye ta. Ta harare ni, ta faɗi wata gajeruwar magana.

“Ta ce tare suka yi aiki a gidan ashana, ta san sunansa tun ba a haife ka ba. Ta ce tun ranar da ka dawo take son gaya maka, amma maganar kuɗi ce kuma maganar magani ce, bakinta ba zai faɗa a cikin biki ba. Tana ganinka kana wucewa kamar kazar da ruwa ya doka, tana yi maka dariya don hankalinka ya kwanta, kai kuma kana ƙara sauri.”

Akwai wani dakali a wurin, jiƙe yake, na zauna a kansa. Alhamdu lillahi kawai nake maimaitawa. A take na ji yunwa ta taso mini. Na fito da ambulan ɗin, duk ya yi laushi da gumi, na miƙa mata da hannu biyu yadda suke yi. Ta karɓa ta sa a aljihu ba ta buɗe ba. Na ce sheshe, na sake cewa, don ba ni da wata kalmar da ta fi ta. Na ce wa Alhaji ya gaya mata Allah ya saka mata da alheri, ya ba ta lafiya, ya sa 'ya'yanta su yi mata fiye da haka. Ban san yadda ya juya shi ba, amma ta kaɗa hannu kamar ba komai, ta ƙara wata magana tana nuna ƙafata.

“Ta ce kuma ka daina bi ta wurin masu kifi. Takalmanka na kawo musu ƙarni lungu.”

Duk da haka sai da na hau ofishin. Alhaji ya ce shi ba zai hau bene uku don waswasin Bakano ba, ya tsaya a ƙasa yana sayen gyaɗa. Ma'aikaciyar na ganina ta gane ni. Na faɗi sunan Baba, ta duba, ta gyaɗa kai, ta yi mini alama da hannu in tafi. Na sauko, na kai tsakiyar matakala, na ji kamar in koma in sake tambaya. Na yi ta'awwuzi na ci gaba da sauka.

Daga nan muka wuce wajen Baba. A ƙasan benen na tsayar da Alhaji.

“Yanzu ya halatta in tambaye shi jiki?”

“Bikin bai gama ƙarewa ba, amma an koma aiki. Gwada a hankali. In ya ba ka lemo, ka yi shiru.”

Muka same shi yana canza wa tsuntsu ruwa. A kan tebur ga kwalayen magani sababbi, ashe da safen wani maƙwabci ya kai shi asibiti a bayan keke ya karɓo. Na tsaya ina kallonsu kamar ban taɓa ganin kwali ba. Sannan na dafa gwiwata, na tambaya da 'yar murya.

Baba ya ajiye kofin ruwan. Ya jawo kujera ya zauna, ya naɗe ƙafar wando, ya fara. Gwiwar dama ce ta hana shi barci tun daren biki. Ta hagu ma ba ta bar shi ba. Ya ci kayan zaƙi ranar da baƙi suka zo, ya san bai kamata ba, kansa ya yi ta juyawa. Sanyin bana ya fi na bara. Likitan da ya gani yau yaro ne, bai saurare shi ba. Duk kwanakin nan yana riƙe da su a ciki, ba wanda zai gaya wa. Alhaji ya fassara kaɗan ya gaji, ya ce shi yana da kwantena a tashar ruwa, ya sulale.

Ni na zauna. Ban fahimci ko rabin abin da yake faɗa ba. In ya nuna gwiwa in ce sannu, in ya nuna ƙugu in ce Allah ya sawwaƙe. Ya miƙo mini lemo, wannan karon na ɓare na sha, shi kuma ya ci gaba da lissafo ciwukansa har aka kusa azahar.